Wadda Ta Shayar da Ɗan Sarkin Kagarau

Tsafe, 9 ga Shawwal, 1340

Takarda daga Saude ɗiyar Ma'u, matar Malam Sabiru, zuwa ga taubashina Malam Halliru, magatakardan alƙali a Gusau. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta Wasila da yara.

Na san kana juya takardar nan kana cewa wace ce kuma Saude. Ni ce wadda ta tura ka cikin kududdufi shekarar da kuka zo Tsafe da mahaifinka, ka fito kana kuka da sabuwar hula. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ɗan baffan Innata ne, don haka ba ka da wurin ɓuya. Mu nan lafiya lau, an yi ruwan shuka sau biyu. Sai dai Inna, ƙafafunta sun kumbura tun kafin azumi, yanzu ko bakin ƙofa ba ta kaiwa.

Ka san abin da muka tashi muna ji a dangi. Mahara sun ci Kagarau shekara arba'in da bakwai da suka wuce, sun kashe Sarki Jatau a ƙofar gari. Matarsa Kulu, yayar Inna, ta riga ta rasu wajen haihuwa, jinjirin kuma an ce ya tafi tare da garin. To shekaranjiya ina shafa wa Inna man shanu a ƙafa, sai ta ce in saki asabari. Ta ce jinjirin bai mutu a Kagarau ba. Ita ta fita da shi goye a bayanta, tana da shekara goma sha uku, shi kuma kwanansa shida a duniya. Washegari ne suna, har an ɗaure rago. Ba a raɗa masa suna ba, wanzami bai taɓa fuskarsa ba.

Kwana biyu ta yi tana tafiya da shi, ba abin da take ba shi sai ruwa a yatsa. Rana ta biyu da hantsi ta iso wata masussuka kusa da gulbi, akwai tsamiya a wurin, mata suna sussukar gero can gefe. Daga baya ta ji an ce ƙasar Bungudu ce. Ta kwantar da shi a inuwa don ta je ta roƙe su, sai ta ji sukuwar dawaki, ta faɗa cikin karan dawa ta yi ta gudu. Fatake suka tsince ta suka kawo ta Tsafe. Da dangi suka fara haɗuwa aka tambaye ta, ta ce ba ta gan shi ba.

Wallahi na kasa rufe baki. Tun tashina ban taɓa ganin matar nan ta je gidan suna ba, na ɗauka ƙiwuya ce kawai.

Malam, Inna ba ɗan sarki take nema ba. Cewa ta yi tana so ta sani, kafin ta koma ga Allah, ko kashe shi ta yi. Kai ne takardar asalinmu take hannunka, kuma kai ne kake zaune inda mutanen ƙauyuka suke zuwa kullum. Ka bincika mana, kada ka yi nawa, don jikin nata ba ya jira. Ka ba Dogo mai jakai amsa, shi ya kawo maka wannan, duk mako yana bin hanyarku da taba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

*

Gusau, 13 ga Shawwal

Daga Halliru zuwa ga Saude mai tura mutane kududdufi. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Sabiru, ki durƙusa ki gaida mini Gwaggo Ma'u da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Mu duka lafiya, sai ƙaramin yaronmu da ke haƙori.

Hular nan har yau ban yafe ba, amma ki bar wannan tukuna. Saude, takardarki ta hana ni zama! A zauren alƙali Dogo ya miƙo mini ita, ina karantawa na miƙe tsaye ban sani ba, har alƙali ya tambaye ni ko kunama ce. Ana tashi na garzaya gida na sauko da gafakar mahaifina. Takardar asalin tana nan, gara ta ɗan ci gefenta. An jera 'ya'yan Sarki Jatau, maza huɗu, kowanne an rubuta ya mutu a yaƙin. A ƙasa sai aka ce, da jinjiri namiji. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce ya rayu ba. Sau nawa na karanta wannan layi ban taɓa lura ba.

Kin san abin da wannan yake nufi? In yana raye, shi kaɗai ya rage daga tsatson Jatau. Ga shi kuwa akwai wani Bature da ke zagaya ƙasar nan yana rubuta asalin garuruwa da gidajen sarauta, Kagarau ko ambatonta ba a yi masa ba. Ki duba ranar da zan shiga gabansa riƙe da hannun ɗan Sarkin Kagarau. Wasila ta ce in bar zagaya tsakar gida ina magana ni kaɗai, ina tsorata kaji.

Na riga na fara. Duk dattijon da ya zo shari'a, sai na tare shi a waje in tambaye shi. Uku daga cikinsu sun ambaci wani Mas'udu a Magami, wai shi mutumin Kagarau ne, shekarunsa kuma sun yi kusa da lissafinmu, an ce ko tafiyarsa ta 'ya'yan sarauta ce. Ranar Alhamis zan ari doki in je. Zuciyata tana gaya mini shi ne.

Ki ci gaba da shafa man shanu, bincike ki bar wa masu karatu. Wassalam.

*

Magami, 24 ga Shawwal

Daga Halliru zuwa ga 'yar'uwata Saude. Gaisuwa, da fatan Gwaggo ta sami sauƙi. Ni lafiya, sai ciwon baya na sirdi.

Na ga Mas'udu. Ba shi ba ne. Ya girmi lissafinmu da shekara biyar ko shida, kuma shi da bakinsa ya ce mahaifinsa mai yanka wa dokin Sarki Jatau ciyawa ne. Tafiyar da ake yabo kuwa, ƙaya ce ta taɓa shiga ƙafarsa. Mutumin kirki ne, ya yanka mini zakara.

Amma ya ba ni labarin da ya kashe mini jiki. Ya ce mahaifinsa yana cikin waɗanda suka gudu ta hanyar Bungudu bayan an ci gari. A bakin gulbi suka tarar da gawar jinjiri, naɗe cikin zane mai kyau. Suka ce wannan ɗan Sarki ne, suka yi masa sutura suka rufe shi a wurin. Ya ce har mahaifinsa ya rasu yana faɗin wannan.

Hanya ɗaya, gulbi ɗaya, kwanaki ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda za ki gaya wa Gwaggo ba. Allah ya ba mu haƙuri. Wassalam.

A bayan takardar:

Saude, ki yi watsi da abin da ke ciki. Yau da safe na sa ƙafa a likkafa sai na ce wa Mas'udu, yaya aka yi suka san ɗan Sarki ne? Ya ce ai da tsagar gidan sarauta a kumatunsa, har ta warke. Kin ji! Namu kwana shida ne, aska ba ta taɓa shi ba. Wancan ɗan wani ne, Allah ya jiƙansa. Na kusa rungume Mas'udu. Ba ni da sauran takarda, ga Dogo da ya biyo ta nan da tabarsa yana ɗaure kaya, shi ya sa na rubuta a nan.

*

Tsafe, 1 ga Zulƙida

Daga Saude zuwa ga Malam Halliru. Ina gaisuwa saboda gaisuwa wajibi ce, amma raina a ɓace yake.

Wane irin magatakarda ne zai sa mutuwa a gaba, ya ɓoye rai a baya? Ranar da Dogo ya iso ina maƙwabta ina yi wa mata karatu. Inna ta ji kukan jakunansa, ta matsa wa Malam Sabiru sai ya karanta mata. Shi kuwa Malam in an ce karanta, karantawa yake yi har ƙarshe da murya mai kyau. Ya kai wassalam ya naɗe takarda. Wa zai ce masa ya juya?

Na dawo na tarar da ita ta juya fuska bango. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Kwana uku ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. A rana ta uku na ɗauko takardar don in sake dubawa, sai ga rubutunka a baya kamar tafiyar kiyashi. Na ruga na karanta mata sau biyu. Ta dube ni ta ce, Allah ya yi mini albarka, ta san ni da Malam muka ƙara don mu kwantar mata da hankali. Na rantse mata, ba ta yarda ba. Yanzu da ƙyar nake ɗura mata kunu ludayi biyu. Takarda ta daina yi mata amfani, sai dai ta ga mutum da idonta.

Tunda ka ce in bar bincike ga masu karatu, bari mai shafa man shanu ta gaya maka abu ɗaya. Kana ta tambayar dattawa wa ke tafiya kamar ɗan sarki. Jinjirin kwana takwas ba tafiya yake yi ba, nono yake sha. In ya rayu, to a ranar nan wata mace mai goyo ta sa shi a ƙirjinta, kuma ba da nisa da wannan tsamiya ba. Maza ba su san wannan ba, ko sun sani sun manta. Ka ɗauki Wasila ku je Bungudu, ta shiga cikin tsofaffin mata. Kai ka zauna a zaure ka yi shiru, in za ka iya.

Ka gaida Wasila, ka ce na dogara da ita bayan Allah.

*

Bungudu, 12 ga Zulƙida

Daga mai laifi, Halliru, zuwa ga Saude. Na karɓi faɗa, na kuma cancanta. Kwana biyu ban ji daɗin abinci ba. Ki roƙa mini Gwaggo gafara. Wannan karon ba komai a bayan takarda, kin ga na zana layi a can don ki tabbata.

Na roƙi alƙali izinin kwana uku, muka zo da Wasila, muka sauka gidan wani abokin karatuna. Na zauna a zaure na yi shiru kamar yadda aka umarce ni, ban taɓa shan wahala irin wannan ba. Wasila ta ƙulla goro a gefen zane ta bi gidaje, har ta faɗa wani taron suna inda tsofaffi suka cika ɗaki. Ta tambayi wadda ta taɓa jin an tsinci jinjiri shekarar da aka ci Kagarau. Ba wadda ta sani. Ta dawo jiki a sanyaye.

Muna shan fura take ba ni labarin tsegumin da ta jiyo, don ta ɗebe mini kewa. Wai hira ta kai su ga mata masu taurin kai, sai aka ce ba kamar Fatimatu ta Furfuri. Shekara ashirin da biyar ke nan, ɗan maƙwabciyarta, wani Arzika, ya nemi ɗiyarta Nana. Yara suna son juna, iyaye maza sun shirya, an kai kaya, an sa rana. Fatimatu ta ce sam, ba ta ba da dalili ba. Mijinta ya yi faɗa, dangi suka taru, ta ce sai dai a yanka ta. Ƙarshe ta nemi ganin liman ita kaɗai. Da liman ya fito sai ya ce shi ba zai ɗaura wannan aure ba, shi ma bai faɗi dalili ba har ya rasu. Tun daga ranar Arzika bai ƙara gaishe ta ba, alhali danga ɗaya ta raba gidajensu.

Saude, ludayin sai da ya faɗi daga hannuna. Shekara goma sha ɗaya ina zaune gaban alƙali. Abu ɗaya na sani da mace za ta raɗa wa liman, ya fasa ɗaura auren da iyaye maza suka yarda da shi, kuma ya rufa mata asiri: ta shayar da yaron. Wanda ya sha nonon mace, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, ba aure tsakaninsu. To mi zai sa a ɓoye shayar da ɗan maƙwabciya, abin da ake yi kullum a fili? Sai in akwai abin da ake tsoron a tambaya.

Furfuri kuwa tana kusa da gulbi, an ce Arzika ya doshi hamsin. Amma kwanakina sun ƙare, dole mu koma Gusau gobe. Kada ki ce wa Gwaggo komai tukuna.

*

Tsafe, 3 ga Zulhajji

Daga Saude zuwa ga Malam Halliru. Lafiya kuwa? Mako uku ke nan Dogo yana zuwa hannu wofi. Ya ce ya gan ka a kasuwa ka kauce masa. In labarin ba daɗi, ka faɗa mini ni, zan iya ɗauka, kuma na hana Malam Sabiru taɓa kowace takarda.

Kumburin ya kai ciki. Jiya Inna ta raba kayanta, ta ba ni tasoshinta da abin wuyanta. Ban gaya mata zancen Furfuri ba, amma riƙe shi yana neman fasa mini ƙirji. Ina ganin ba za ta ga ƙarshen watan nan ba. Don Allah ka yi magana.

*

Furfuri, 14 ga Zulhajji

Daga Halliru zuwa ga Saude. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Ba zan tsawaita gaisuwa ba. Yana raye! Na gan shi, na riƙe hannunsa, na ci tuwon gidansa.

Ki yafe shirun da na yi. Alƙali ya hana ni fita sai bayan layya, ga ruwa ya cika hanya, ni kuma na yi rantsuwa ba zan ƙara rubuto miki abin da ban gani da idona ba. Washegarin Salla muka taso.

Wasila ta sami Fatimatu tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, tsohuwa ƙanƙanuwa, ido ɗaya ya tafi. Ba ta tambaye ta komai ba. Zama ta yi ta ba ta labarin wata mata a Tsafe da ke kwance ba ta cin abinci, da abin da ya sa. Wasila ta ce tana kaiwa kan tsamiya sai mazari ya tsaya. Tsohuwar ta ce, "Yarinyar nan tana da rai? Na gan ta ta aje shi, na gan ta ta ruga. Na yi ta kira, ba ta waiwayo ba."

Ita ta ɗauke shi, tana goyon ɗanta na fari a lokacin. Mijinta ya ji tsoron a ga ɗan garin da aka ci a gidansa, don mahara suna bin sawun waɗanda suka tsere. Maƙwabciyarsu Aishatu kuwa shekara tara da aure ba haihuwa, kuma gidajen biyu kaɗai ne a bakin gona, ba mai ganinta. Sai aka ce Aishatu ta haihu. Saude, matar nan kwana arba'in ta yi tana wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, ba ta haifi kowa ba, don kada a yi zargi. Fatimatu tana ratsowa ta danga tana shayar da shi har aka yaye shi. Ta dafa Alƙur'ani ba za ta faɗa ba muddin Aishatu tana raye. Aishatu ta rasu bara, amma Fatimatu ta rasa ta inda za ta fara da mutumin da ba ya amsa sallamarta. Na sa Wasila ta tambaye ta ko dawakin sun iso masussukar, ta ce ita ba ta tuna wasu dawaki ba.

Shi kuma Arzika a gona na same shi, ƙato ne baƙi mai faɗin ƙirji, furfura ta fara shiga gemunsa, 'ya'yansa bakwai. Na tuɓe takalma na durƙusa na ce ranka ya daɗe. Sai ya waiwaya bayansa ya ga da wa nake. Na ba shi labari tun daga farko. Ya ɗauki fartanya ya kai kunyar da yake yi ƙarshe, ya dawo. Abin da ya fara tambaya ba sarauta ba ce. Cewa ya yi, "Ashe Nana ƙanwata ce?"

Daga nan ya wuce ni ya nufi gida, ina binsa da takalma a hannu. Ya shiga ƙofar da ya yi shekara ashirin da biyar bai taka ba, ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce, "Inna, ina wuni." Ba zan iya rubuta sauran ba, ni ma sai da na koma zaure na share fuska.

Zancen Bature kuwa ya mutu. Ya tambaye ni, kamar bai sani ba, su wa ke zaune a Kagarau yanzu, na ce kufai ne, sai kukoki da birai. Ya ce to biran su nemi wani, shi geronsa ya fara fitar da kai. Na ji ciwo, amma na haɗiye.

Ga inda nake so ki shirya. Da na ce ya zo Tsafe, ƙi ya yi. Ya ce wadda ta yar da shi ta gudu, mi zai ce mata? Fatimatu ce ta ce nononta ya sha, kuma za shi. A kan haka ya yarda. Ni dole in koma bakin aiki, shi zai raka ni Gusau ya biyo Dogo, takardar nan ma a hannunsa za ta iso miki. Zuciyarsa ba ta yi laushi ba tukuna. Allah ya sa ya tarar da Gwaggo.

*

Tsafe, 27 ga Zulhajji

Daga Saude zuwa ga ɗan'uwana Malam Halliru da Wasila. Gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Allah ya saka muku, ya raya muku zuriya.

Ya tarar da ita. Ranar Asabar bayan azahar suka iso. Na leƙa zaure na ga mutum ya cika ƙofa, na ce Yaya sannu da zuwa. Ya sha ruwa ya ce a kai shi, ba zai daɗe ba.

Na tayar da Inna na jingina ta a jikina. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta tambayi shaida ba, ta ce goshin Kulu ne. Shi kuwa ya zauna nesa, bakin ƙofa, ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa. Sannan ya ce tambaya ɗaya ta kawo shi. An ce dawaki suka kore ta, ita kuma wadda ta ɗauke shi ta ce ba ta ga doki ba. Wanne ne gaskiya?

Na so in tare maganar, Inna ta matse mini hannu. Ta ce, "Ba dawaki. Ƙarya na yi wa Saude. Na gaji ne, ina jin yunwa, kana ta kuka har muryarka ta dushe, na ji tsoro ka mutu a bayana. Na ji matar tana kirana, na ƙara gudu. Wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Malam, na ce a raina shi ke nan, zai tashi ya fita. Sai ya tambaye ta shekararta nawa a lokacin, ta ce sha uku. Ya ce yana da ɗiya mai sha uku, ko rijiya ba ya barinta ta je ita kaɗai. Ya ce ya taɓa bin hanyar nan daga kufan Kagarau zuwa Furfuri da jaki, da guzuri, shi ma kwana biyu ya yi. Sai ya taso daga bakin ƙofa ya zo ya zauna gefen gadonta, ya ce, "Inna, ai kin kai ni."

A nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko. Da ta gama ta ce in dama mata kunu, ta shanye ƙaramar ƙwarya guda. Mutumin da ya ce ba zai daɗe ba, kwana shida ya yi. Ta sa ya lissafa mata sunayen 'ya'yansa har ta haddace, ta yi masa faɗa kan shekarun da ya yi bai gaida Fatimatu ba, yana sunkuye yana cewa to.

Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abarsa, tana cikin hankalinta, ta cika da kalmar shahada. Ku yi mata addu'a.

Malam Sabiru ne ya ba ni labarin maƙabarta. Ka san yadda ake yi, kowa ya ɗauki makara 'yan taku ya ba wani don a raba lada. Yaya Arzika ya kama gaba tun daga ƙofar gida. Mutum huɗu suka matso su karɓe shi, ɗaya bayan ɗaya, har da liman. Kai kawai yake girgiza musu. Bai sauke ta ba sai a bakin kabari.

Allah ya jiƙanta, ya sa mu cika da imani. Wassalam.